Hidimar Salla da Aljihun Magidanci

Sau uku a shekara kasuwannin Nijeriya kan cika maƙil: Ƙaramar Salla, Babbar Salla da Kirsimeti. A waɗannan lokuta farashin shadda, atamfa, shinkafa, kayan miya da kuɗin mota yakan tashi.

Dalili kuwa shi ne, jama'a kan fito saye a lokaci guda, alhali kayan da ke kasuwa ba su ƙaru ba. Misali, idan Layya ta gabato, fatake kan kwashi raguna daga kasuwanni irin su Maigatari, Illela da Potiskum zuwa Legas da sauran biranen Kudu. Wanda ya jira har jajibere, abin da dillali ya yanka shi zai biya.

Akwai kuma abin lura. Kowace shekara Salla kan matso da kimanin kwana 11, saboda haka wani zubin takan faɗo tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Manomin da ya sayar da hatsinsa don ɗinki, zai koma ya sayo shi da tsada.

Don haka ana shawartar magidanta:

1. Su ware kuɗin abinci, haya da makarantar yara tukuna.
2. Su sayi yadi su kai wa tela da wuri.
3. Su tara kuɗin hidima ta hanyar adashi.
4. Su shiga watanda idan nama ya yi tsada.

Layya tana kan mai hali ne kawai. Kada Salla ta wuce ta bar mutum da bashi.