Malam Isa da injin shanya

Malam Isa mai wanki da guga ne a garin Sokode. Da rani aikinsa ba wuya. Amma a watan Agusta ruwa yakan wuni yana zuba, riguna su kwana biyu ba su bushe ba, har su soma wari. Wani alhaji ya kwashe kayansa, ya ce ba zai sake kawowa ba.

Ran nan wani ɗan kasuwa ya zo daga Lome da injuna biyu na busar da tufafi. Ya ce, "Wannan na lantarki ne, wancan na gas. Zaɓi ɗaya."

Malam Isa ya kira ɗiyarsa Hadiza, ƴar aji shida, ta karanta masa Faransancin da ke jikin injunan. Ta karanta, ta yi lissafi a allonta.

Ta ce, "Baba, wutar da na lantarkin zai sha a shanya ɗaya, ƙwan ɗakinmu mai wat 10 sai ya yi awa 300 a kunne kafin ya sha ta."

"To, na gas fa?"

"Gas ne ke ba shi zafi, amma lantarki ke juya gangar da ke cikinsa. In an ɗauke wuta, shi ma ya tsaya."

Malam Isa ya tuna kuɗin wutar da yake biyan CEET, ya yi shiru. Da dare ya buga wa ƙanensa Sani waya. Sani ma wanki yake yi, a Dapaong, can arewa kusa da iyakar Burkina Faso.

Sani ya ce, "Yaya, ai ba zafi kaɗai ke busar da riga ba. Iska ce ke kwashe danshi. Dubi hunturu a nan: ana sanyi, amma ka shanya riga, nan da nan ta bushe, don iskar busasshiya ce. Kafa rumfar kwano, kada ka rufe gefenta. Ɗaura igiyoyi a ciki. Matse kaya sosai, ka bar tazara tsakaninsu."

Ya ƙara da cewa, "Kada ka shanya a ƙasa. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen kaya, tsutsarsa ta shiga fatar mutum ta zama maruru. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan."

Malam Isa ya sallami ɗan kasuwa, ya sayi kwano da igiya. Ƙananan riguna suka riƙa bushewa a wuni ɗaya. Babbar riga kuwa sai ta kwana, da safe ya ƙarasa ta da dutsen guga na gawayi.

Tambayoyi
1. Me ya sa alhaji ya kwashe kayansa?
2. Don me injin gas yake tsayawa in an ɗauke wuta?
3. A ina ake shanya a gidanku da damina?