Darasi: Shirin tahiya Ayar da Tenere

Arewa maso gabas da Agadas akwai gandun dajin Ayar da Tenere. Duwatsu ne da rairayi. Gwamnati ta keɓe shi a 1988. An hana farauta ciki.

Mai zuwa can da mota ya tashi kamin watan Afrilu, don zahin bazara yakan wuce digiri 40. Ya sanar da hukuma a Agadas. Ya ɗauki jagora wanda ya san rijiyoyi. Motoci biyu su tahi tare, da ruwa, da isansi, da taya, da shebur.

In mota ta lalace, kada a rabu da ita. Masu nema mota suke hangowa, ba mutum ba.

Tambaya: Don mi motoci biyu za su tahi tare?