KYAMARAR TSARON GIDA DA DARE
Darasi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi ne domin Hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, don su san abin da za su gaya wa talakawansu in sun zo neman shawara game da kyamarar tsaro. Kowa ya san yawancin ɓarnar da a ke yi a ƙasar nan cikin duhu a ke yinta. A daren 22 ga Satumba 2023 ne 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu, suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da su ke haya. Saboda irin wannan mutane da yawa sun shiga sayen kyamara, amma wadda ta nuna hoto tangaran da rana ta kan makance da dare.

Tun farko a gane cewa kyamara ba ta hana mai bindiga shiga gida. Aikinta biyu ne: ta farkar da maigida da wuri, ta kuma ajiye shaida.

1. Yadda ta ke gani cikin duhu

Kyamarar dare iri biyu ce. Ta farko tana da 'yan ƙananan fitilu kewaye da idonta, masu ba da wani haske da idon mutum ba ya gani, ana ce da shi infrared. Hotonta baƙi da fari ne, galibi kuwa haskenta ba ya wuce mita 20 zuwa 30. In an rubuta 850nm a jikin kwalinta, fitilun za su yi ja kaɗan kamar garwashi, mai lura ya hango su. In 940nm ce ba a ganin kome, sai dai haskenta bai kai nisan na farko ba.

Ta biyu tana kunna farar fitila, ta ba da hoto mai launi, har a shaida launin riga ko na babur. Wannan ta dace da unguwannin cikin Gusau inda da ma akwai fitilu. Amma a gidan da ke bakin daji, farar fitila ita ke nuna wa mugu gidan mai hali. Can ta farko ta fi.

2. Abin da za a duba wajen saye

Kada a ruɗu da yawan lambar da ɗan kasuwa ke faɗa. Kyamara mai 2MP ko 4MP wadda idonta ke shan haske sosai ta kan fi mai 8MP mai araha in dare ya yi. Araha ba ta ado. A duba girman ido: mai 2.8mm tana ganin fili mai faɗi, amma fuska ta kan yi ƙanƙanta in mutum ya ɗan yi nisa. Ga ƙofar zaure ko lungu, mai 4mm ko 6mm ta fi. A nemi alamar IP66 ko IP67, watau ƙura da ruwan sama ba sa shiga cikinta.

Gani ya kori ji. A yi sharaɗi da mai sayarwa cewa sai an gwada bayan isha'i. A sa yaro ya ratsa gabanta da sauri. In fuskarsa ta goge ta zama kamar hayaƙi, to, kyamarar ba ta da amfani, domin ɓarawo ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto.

3. Inda za a kafa ta

A ɗaga ta kamar mita 3 daga ƙasa. In ta fi haka, sai hula da rawani kawai za ta ɗauka. In ta gaza, hannu ya kai gare ta. Wuraren da suka fi muhimmanci su ne ƙofar zaure, da bayan katanga, da garken dabbobi, da wajen rumbuna. Kada a bar bango ko indararo ko reshen itace kusa da idonta, don haskenta zai doki abin ya dawo, sauran fili ya yi baƙi ƙirin. Haka kuma kada ta fuskanci fitila, kada kuma a sa ta bayan gilashin taga. In hasken ya gaza, ana sayar da fitilar infrared dabam. A kafa ta kamar mita 1 ko 2 daga kyamarar, ƙwari su koma can.

4. Wuta da ajiyar hoto

Kyamarar da ta dogara ga wutar gari kaɗai ta kan mutu a daidai sa'ad da a ke bukatarta. Ga misalin lissafi: kyamara 4, kowace na shan wat 6, da akwatin ajiyar hoto mai shan wat 12, sun kama wat 36. Cikin awa 12 na dare sun sha 432. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da kamar 1,200, rabinsa kuwa ya kamata a ci don ya daɗe. Ashe batir ɗaya da farantin sola sun isa.

A tuna kuma a watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara, waɗansu wurare suka yi makonni ba sadarwa. Saboda haka a zaɓi wadda ke ajiye hoto a katin memori ko a akwati cikin gida, ko da intanet ko babu. A ɓoye akwatin, a bar allon kallo a wani ɗaki dabam.

5. Kulawa

Da hunturu hazo ya kan rufe idon, da damina kuwa ƙwari da yanar gizo-gizo. A goge da tsumma mai laushi kowane mako. A daidaita agogonta, domin hoton da ranarsa da sa'arsa suka saɓa shaidarsa ta raunana. A sake lambar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko. Da ɗan gari a kan ci gari, don haka a san wanda ya kafa ta, kada kuma a bar masa ikon kallon gidan a wayarsa.

6. Abin da ya rataya a wuyan Hakimi

Wajibi ne Hakimi ya gargaɗi jama'a kada kowa ya juya kyamararsa ta leƙa cikin gidan maƙwabci, ko makewayi, ko inda mata ke zama. Addini da al'ada sun hana, kuma hoton fuskar mutum yana cikin abin da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta kiyaye. Masu unguwa su shawarci maƙwabta su haɗa kuɗi su tsare bakin lungu, ya fi kowa ya tsare ƙofarsa shi kaɗai.

Malamin Hakimi ya buɗe littafi ya rubuta gidajen da ke da kyamara da inda ta fuskanta, ya kulle littafin. In abu ya faru, a kwafe hoton nan da nan kafin sabo ya hau kansa, a miƙa wa 'yan sanda hannu da hannu. Kada a watsa shi a WhatsApp ko Facebook. Yin haka ya kan sanar da mugu gidan da ya ɗauke shi, ya jefa maigidan cikin haɗari, ko kuwa ya sa a auka wa wanda bai ji ba bai gani ba saboda kamanni kawai.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan darasi a gaban dagatai da masu unguwa a zaman majalisa na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.