ZAKUNAN GBOKO: TASHI DA FĀƊUWAR ƘUNGIYAR BCC LIONS

Ɗalibai da yawa za su iya lissafa 'yan wasan Ingila da na Sifen ba tare da sun yi tuntuɓe ba, amma in aka tambaye su wace ƙungiya ce ta kawo wa Nijeriya kofin Afirka a shekarar 1990, sai a ga sun yi shiru. Ƙungiyar nan ita ce BCC Lions ta Gboko, a Jihar Binuwai. Yau ba a jin sunanta a babbar gasar ƙasa. A wannan darasi za mu dubi yadda ta tashi, da abin da ta yi, da kuma dalilin da ya sa ta shuɗe.

Asalinta

Gboko gari ne a ƙasar Tibi, can ne kuwa mazaunin Tor Tiv, babban sarkin Tibi. Kusa da garin akwai dutsen da ake yin siminti da shi, saboda haka aka kafa kamfanin siminti na Binuwai a wurin, wato Benue Cement Company, wanda ake taƙaita sunansa BCC. Kamfanin ne ya kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a shekarar 1982, aka sa mata suna Lions, wato Zakuna. Gidanta shi ne filin wasa na J. S. Tarka, wanda ke ɗauke da sunan shahararren ɗan siyasar Tibi da ya rasu a 1980.

A zamanin nan kamfanoni da bankuna da attajirai su ne ke riƙe da ƙungiyoyi da dama a Nijeriya. Kamfani shi ke biyan albashi, ya sayi riguna da takalma, ya ba da motar tafiya. Ya kamata mu riƙe wannan a zuciya, gama za mu komo kansa a gaba.

Kofin ƙasa ya komo Arewa

Kofin Ƙalubale, wanda ake kira kofin FA, shi ne gasa mafi daɗewa a ƙasar nan. 'Yan wasan Kano sun ci shi a 1953. Daga nan kofin ya ƙi komowa Arewa har shekara 36. Ƙungiyoyin Jos sun sha kaiwa wasan ƙarshe suna komowa hannu wofi, har da Mighty Jets wadda ta sha kashi a wasan ƙarshe na 1972 da na 1974.

A 1989 ne BCC Lions ta kawo ƙarshen wannan jira, sa'ad da ta doke Iwuanyanwu Nationale ta Owerri da ci 1 da nema. Mai horar da ita a lokacin shi ne Shuaibu Amodu, wanda daga baya ya sha riƙe ƙungiyar ƙasa ta Super Eagles, ya kuma rasu a 2016. Cikin 'yan wasan da aka san ƙungiyar da su akwai Moses Kpakor, ɗan wasan tsakiya wanda ya yi wa Nijeriya wasa a gasar ƙasashen Afirka ta 1990 a Aljeriya, da kuma Amir Angwe.

Zakunan sun shiga Afirka

Bisa ga tsarin lokacin, ƙungiyar da ta ci kofin ƙasarta ita ke shiga wata gasa ta Afirka wadda aka keɓe domin masu riƙe da kofunan ƙasashe. A Nijeriya an fi saninta da sunan Kofin Mandela. Ana yin wasa biyu a kowane zagaye, ɗaya a gida ɗaya a waje, sa'an nan a haɗa ƙwallaye a ga wanda ya fi.

A 1990 BCC Lions ta kai wasan ƙarshe, ta gamu da Club Africain ta Tunisiya. A Nijeriya ta ci 3 da nema, a Tunisiya kuwa aka tashi kunnen doki 1 da 1. Jimla ta zama 4 da 1, kofi ya zo Gboko. Kafin nan ƙungiyoyin Nijeriya biyu kaɗai suka taɓa cin wannan kofi: IICC Shooting Stars ta Ibadan a 1976, da Rangers ta Inugu a 1977. Waɗannan kuwa ƙungiyoyin manyan birane ne. Gboko ba babban birnin jiha ba ne ma. Gaskiyar Hausawa da suka ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

A 1991 Zakunan suka sāke kai wasan ƙarshe. Sun ci Power Dynamos ta Zambiya 3 da 2 a gida, amma aka ci su 3 da 1 a can, kofi ya kuɓuce musu da bambancin ƙwallo ɗaya tak. Duk da haka ba su karai ba. Sun sāke cin kofin FA a 1993, da 1994, da 1997. A 1994 ma suka haɗa da kofin lig, suka zama zakarun ƙasa ta hanya biyu a shekara guda.

Yadda ta shuɗe

Abin mamaki shi ne, ba a daɗe da cin kofin 1997 ba ƙungiyar ta fāɗa ƙaramin rukuni, ba ta kuwa sāke komawa matsayinta na dā ba. Babban dalili shi ne kuɗi. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin simintin kansa ya shiga matsala. A shekarar 2000 gwamnatin tarayya ta sayar da hannun jarinta ga kamfanin Ɗangote, a 2010 kuma aka haɗe BCC cikin Dangote Cement. Ƙungiyar da abincinta ke fitowa daga aljihu ɗaya, in aljihun ya yi rauni ba ta da wurin juyawa. Gwanayen 'yan wasa sukan bi inda ake biyan albashi, 'yan kallo kuma sukan ragu in nasara ta ragu.

Ba BCC Lions kaɗai wannan ya samu ba. Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes ta Abeokuta sun yi tashe ƙwarai, amma a ƙarshen shekarun 1980 masu su suka janye hannu, ƙungiyoyin suka watse. Gasar da BCC ta ci ita ma ba ta nan yanzu, domin a 2004 aka haɗe ta da wata gasa, suka zama kofin Confederation.

Abin koyi

Na fari, ƙanƙantar gari ba ta hana babban aiki in akwai horo da shiri. Wannan ƙarfafawa ce ga kowane ɗalibin da ya fito daga ƙauye.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da jama'a ke ƙauna, ya kamata jama'a su sa hannu wajen riƙe shi tun yana da ƙarfi. Haka yake ga ƙungiyar wasanni, da ɗakin karatu, da asibitin gari.

Na uku, mu riƙa rubuta tarihinmu. Kofi yakan yi tsatsa, 'yan wasa sukan tsufa, amma abin da aka rubuta yakan kai ga jikoki.

Tambayoyi domin nazari

1. Shekara nawa Arewa ta yi ba ta ci kofin FA ba kafin 1989?
2. Me ya sa ƙungiyar da kamfani ɗaya ke riƙe da ita take cikin haɗari?
3. Tambayi wani dattijo a garinku sunan ƙungiyar ƙwallon da ta yi tashe a zamaninsa, ka rubuta labarinta a shafi ɗaya.