Ku Kafa Kotun Gwaji Kan Ruwan Gulbi

Malamai da ɗaliban shari'a, dokar ƙasa da ƙasa ba ta zama a kai da hadda kaɗai. Ku kafa kotun gwaji kan Gulbin Maraɗi, wanda ke ratsa ƙasar Madarunfa a Nijar bayan ya baro madatsar Jibiya a Najeriya. Ku kasa aji uku: lauyoyin Nijar, lauyoyin Najeriya, sai alƙalai. Madogararku yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan ƙasashen biyu. Kafin zama, ku karanta hukuncin Kotun Duniya na 2005 da ya ba Nijar tsibirin Lete a shari'arta da Benin, ku ga nauyin tsofaffin takardun mulkin mallaka. A ganina, ɗan Madarunfa a ɗora masa kare Najeriya, don ya koyi auna hujjar da ransa ba ya so.