Hunturu Da Shan Man Manyan Motoci A Ƙasar Ɗanbatta

Kowace shekara, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, akan kawo wa hakimai ƙara iri ɗaya. Mai mota ya ce direbansa yana sayar da gas a hanya, direba kuwa ya rantse sanyi ne ya sha. Ya kamata hakimi da magatakardansa su san gaskiyar al'amarin, domin lokacin nan ne ake kwasar gero da dawa da gyaɗa da wake, ana kuma lodin shanu a kasuwar Ɗanbatta ran Lahadi. Duk abin da ya ƙaru bisa kuɗin mai, a kan manomi yake ƙarewa.

Injin dizal, wanda Rudolf Diesel na ƙasar Jamus ya kammala a 1897, ba shi da fulogi. Iska yake matsawa har ta yi zafi, sa'an nan a fesa mai ya kama da kansa. Saboda haka in ƙarfe ya kwana cikin ɗari, mai ba ya ƙonewa sosai. Farin hayaƙin da akan gani da asuba, man da bai ƙone ba ne. Baƙin mai kuma yakan yi kauri, inji ya riƙa juyawa da ƙyar har ya ɗumama.

A ƙasashen ƙanƙara gas kan daskare ya toshe matata. Sanyin ƙasar Kano bai kai nan ba, gama da dare yakan tsaya wajen digiri 13, jefi-jefi ya yi ƙasa da haka. Wanda ya kawo wannan hanzari, kada a karɓa.

Abubuwan da ke cin mai a nan huɗu ne.

Na fari, barin inji yana aiki mota na tsaye. Direban da batirinsa ya yi rauni yakan ƙi kashe mota dare farai, don tsoron kada ta ƙi tashi. Babbar mota a tsaye tana shan wajen lita 3 a awa guda, watau awa takwas lita 24 ke nan, ba a gusa ko taku ɗaya ba.

Na biyu, ƙura. Bujin hunturu kan cika matatar iska, inji ya rasa numfashi, ya yi ta baƙin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu.

Na uku, taya. Sanyi yana rage ƙarfin iskar cikinta, taya mai laushi kuwa nauyin ja gare ta.

Na huɗu, iskar kanta. Daga arewa maso gabas take busowa, ta kuma fi iskar bazara nauyi. Motar da ta nufi Kazaure da Daura tana karo da ita, wadda ta nufi Kano kuwa a bayanta take.

To, ga abin da ya kamata. A sanar da masu motoci su duba batir kafin ɗari ya shigo, a riƙa share matatar iska, a auna taya da safe kafin a tashi. Minti kaɗan ya isa ɗumama inji, sa'an nan a tafi sannu-sannu. Lalle a hana hura wuta ƙarƙashin mota, gama gobarar hunturu ba ta jiran ruwa.

In ƙara ta zo, magatakarda ya nemi lissafin litar da aka sha da kilomitar da aka yi, ya gwada da na watannin zafi a kan hanya ɗaya da kaya iri ɗaya. Ƙari kaɗan na hunturu ne. In ya yi yawa, ruwa ba ya tsami banza, sai makaniki ya duba motar tukuna kafin a taɓa mutuncin direba. Ta haka mai gaskiya ba zai rasa abincinsa ba, maci amana kuma ba zai fake da sanyi ba.