TAIMAKON YARAN DA GAƁOƁINSU SUKA SANDARE TUN JARINTA

1. Akwai wani ciwo na yara wanda mutane kan ɗauka shan-inna ne, alhali kuwa dabam suke. Asalinsa rauni ne a ƙwaƙwalwa, wanda kan sami jariri tun a ciki, ko wajen doguwar naƙuda, ko kuwa bayan haihuwa saboda shawara mai tsanani ko sanƙarau. Wani likitan Ingila, William Little, ya yi bayaninsa a 1861. Cikin jarirai 1,000 akan sami kamar 2 ko 3 masu shi. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ba kuma aikin iska ba ne.

2. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, amma gaɓar da aka bari a lanƙwashe takan ƙage, har ta ƙi miƙewa. Saboda haka ne likitocin gashi ke amfani da kayan taimako. Akwai takalmin roba mai riƙe idon sawu, wanda ake yi bisa awon ƙafar yaro a wurare irin Asibitin Ƙashi na Dala, Kano. Akwai kujera mai tallafar baya da wuya, da katakon tsayuwa, da keken koyon tafiya. Kafinta na gari yana iya yin waɗansu, in likita ya ba shi awo.

3. Yaron da harshensa ya yi nauyi sau da yawa hankalinsa lafiya lau yake. Da allon hotuna, ko wayar hannu mai furta sunan hoton da aka taɓa, yakan nemi ruwa, ya faɗi inda ke masa ciwo. Ta wayar nan kuma likita kan ga yaro daga nesa, ya gyara wa uwa yadda take motsa masa jiki.

4. Amma kayan nan ba su da amfani a rataye. Sai an yi aiki da su kullum, a kuma sake awo in yaro ya girma.

5. Abin da ake bukata ga hakimai shi ne su umurci dagatai da masu unguwa su nemo yaron da ya kai wata 6 bai riƙe wuya ba, ko wata 9 bai zauna ba. Malamin hakimi ya rubuta sunansa, da watanninsa, da ƙauyensu, a aika da shi asibiti ba da jinkiri ba. A gargaɗi iyaye kada kunya ta sa su ɓoye shi a ɗaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.